Barewa da Filin Kada

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu sha labari.

Ku nutsu mana. Ni da ake rububin jin bakina kuke wa surutu?

'Yan ƙwallon gasar Zaki suka shiga yajin aiki, saboda duk wanda ya karye a fili sai Zaki ya cinye shi. Barewa kuwa sabuwar ɗauka ce, ko wasa ɗaya ba ta buga ba.

Gizo, dillalin gasar Kada, ya lallaɓo ya ce, "Ƙanwata, ƙafa irin taki ta zauna haka? Filinmu yashi ne mai laushi, gobe ma sai ki buga."

Raƙumi, kyaftin ɗin masu yajin aikin, ya ce, "'Yata, don ƙafar nan taki muke zaune."

Barewa ta sunkuyar da kai, ta bi Gizo.

Ashe filin Kada tsakiyar busasshen kogi ne. Damina na sauka, ruwa ya shanye fili, Kada ya cafki ƙafarta, da ƙyar ta ƙwace. Ta dawo tana ɗingishi, ta tarar Zaki ya rantse ya daina cin karyayyu.

Ta ce wa Raƙumi, "Baba, har da ni?"

Raƙumi ya kau da kai, hawaye na zuba. "Sunan waɗanda suka zauna kaɗai Zaki ya kama a rantsuwarsa."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In da ƙarya a ciki, ku tuhumi Gizo, ni bakina tsarkakakke ne.