Hannun Tunau da Bindigogi Arba'in

A zamanin da, a wata ƙasa da ke tsakanin dutse da kogi, an yi wani Sarki mai son shiri tun kafin buƙata ta zo. Halin kirki ne, ban musa ba, sai dai shi nasa ya yi yawa. Wata shekara ya sami labarin mahara sun far wa wani gari na maƙwabta, kafin 'yan bindigar garin su gama ɗura albarushi har an kore shanu. Nan da nan ya sa aka kira Tunau, maƙerin da duk ƙasar ba mai ƙira irin tasa, ya umarce shi ya ƙera masa bindigogin toka arba'in.

Tunau ya shekara yana dukan ƙarfe. Kowace bindiga sai da ya harba ta da hannunsa kafin ya miƙa. Kowace da sandar ɗurinta, a jikin sandar kuma ya yi tsaga daidai inda take tsayawa in an ɗura bindigar ɗuri ɗaya, don mai harbi ya san abin da ke cikinta ba tare da ya leƙa ba.

Da aka kawo su fada, Sarki ya yi doka: a ɗura su duka, a rataye a ɗaki guda, a kulle, mabuɗi yana wurinsa, duk wanda ya taɓa su kuwa zai gamu da fushinsa. Tunau ya durƙusa ya ce bindiga tana son wanki da mai kamar yadda doki ke son kilisa. Sarki ya ce ƙira ya sa shi, bai nemi shawara ba. Waziri Ishaƙa yana wurin, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, kuma ni dai a nan na ga laifinsa.

Damina biyu suka wuce ɗakin yana rufe. Mahara ba su zo ba. Giwaye ne suka zo da kaka, suka shiga tattake dawar talakawa. Sarki ya buɗe ɗaki cike da alfahari, ya miƙa wa Ƙosau, shugaban 'yan bindigarsa, guda ɗaya. Ƙosau ya je bakin gona, ya auna, ya ja kunama. Bindiga ta tsage a hannunsa, ta tafi da yatsunsa biyu.

Sarki ya fusata ƙwarai. Ya ce maƙeri ya yi algus a ƙarfe, saboda haka hannun da ya yi ƙirar shi za a sare ranar Juma'a. Aka kawo Tunau ɗaure da igiya. Mutane suka zaci zai yi kuka, ashe ba su san shi ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙarfena ba ya tsagewa haka kawai. In hayaƙi ya sami hanya, fita yake yi. Wani abu ne ya tare shi."

Fadawa suka yi masa ca, suna cewa kowane mai laifi haka yake faɗa. Waziri kuwa maganar ta tsaya masa a rai, ga kunyar shirun da ya yi a baya tana cin sa. Ya roƙi Sarki aron mabuɗi na yini guda. Ya shiga ɗakin shi kaɗai da hantsi, ya tsaya ya kasa kunne, ya ɗaga kai ya ga 'yar taga can kusa da rufi. Bai taɓa komai ba ya fito.

Washegari fada ta cika, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce kafin a zartar da hukunci yana da tambaya guda: wane magini ne ya shiga ɗaki a kulle ba mabuɗi, ya kawo ƙasarsa da ruwansa, ya gina ɗakuna a cikin kayan Sarki, dogarai suna ƙofa ba wanda ya hana shi? Malamai suka dubi juna. Sarki ya ce in akwai irin wannan mai tsaurin ido, a nuna masa shi.

Da izinin Sarki, Waziri ya sa aka ɗauko sauran bindigogin, kowace bakinta sama, ba mai kusantar kunama. Ya roƙi Sarki ya zura sandar ɗuri da hannunsa mai albarka, tun da doka ta hana kowa. Sarki ya zura. Sandar ko taƙi ɗaya ba ta shiga ba ta cije, tsagar Tunau tana can sama nesa da bakin bindiga. Ya gwada ta biyu, haka. Ta uku, haka. Aka kwance Tunau, ya sa wani siririn ƙarfe ya ƙwaƙulo abin da ke ciki, sai ga busasshen laka mai tauri kamar tubali yana zubowa a kan shimfiɗar Sarki, da matattun tsutsotsi a ciki. Gidan zanzaro ne. A cikin talatin da tara, talatin da ɗaya duk haka suke.

Sarki ya tambaya wa ya bar ƙwaro ya yi wannan ɓarna.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta hana mutum arba'in da za su wanke su su shafa musu mai. Zanzaro ne kaɗai ba a karanta masa ita ba. Ni kuma na ji maƙeri ya yi gargaɗi, na yi shiru."

Sarki ya daɗe yana kallon lakar. Wani bafade mai neman gyara zance ya ce ai duk da haka ba a tabbatar ƙarfen na kirki ba ne. Tunau ya yi murmushi, ya ce a zaɓar masa wadda aka fi zargi. Ya zaro tsohon ɗurin, ya wanke cikinta da ruwan zafi har ruwan ya fito fari, ya busar, ya shafa man kaɗe. Ya sa sabuwar ƙanƙarar ƙyasta wuta, ya auna albarushi, ya tura harsashin dalma da tsumma har sanda ta zauna a kan tsagarta. Aka rataye ƙwarya a reshen tsamiya, taku sittin. Ya ɗora ƙotar bindigar a kafaɗa ya ja kunama, ƙwaryar ta tarwatse, bindiga lafiya lau.

Sarki ya tashi daga karaga, abin da ba a saba gani ba, ya taka har inda Ƙosau yake zaune da hannu a naɗe. Ya ce, "Yatsunka a wuyana suke, ba a wuyan maƙeri ba. Ci da shanka da na iyalinka suna kaina muddin raina." Ya soke dokar a take, ya ce kowane ɗan bindiga ya riƙe tasa, ya wanke ta duk mako, ya toshe bakinta da tsumma in zai rataye.

Sa'an nan ya juya ga Tunau ya tambaye shi me yake so a ba shi. Tunau ya dubi hannunsa na dama, shatar igiya tana nan a wuyan hannun, ya motsa yatsunsa biyar ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ya ishe ni. A sallame ni, na bar wuta a maƙera."

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko.