Mutumin da Ya Nemi Sunan 'Yar Riƙonsa

An yi wani mutum a nan ƙasar waje, a unguwarmu ta Parkchester, mai fara'a, kullum yana sahun gaba a masallaci. Wata shekara ya je gida hutu, ya dawo da wata ƙaramar marainiya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "'Yata ce, riƙo nake yi."

Riƙo fa! 'Ya'yansa, Ammar da Yusra, suna makaranta, ita tana wanki da girki. In ta gama sai ta tsaya bakin taga tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa ta kan gada, kamar mai jiran wani ya sauko ya tafi da ita. Da ta girma, wata safiya ta sauka zubar da shara, ba ta dawo ba. Bai neme ta ba, don gudun tambayar hukuma.

Shekaru suka ja. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a asibiti. Turancinsa ya gudu, Hausar ma sai guntu-guntu. Tsakanin barci da farke yakan ga ɗakin ya cika da kumfar wanki fara fat, yarinyar nan tana tafiya a ciki ta ba shi baya. So yake ta juyo. Ya san Allah yana yafe nasa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ya ce wa Yusra, "Ku nemo min 'yata."

Ta ce, "Baba, ga ni."

Ya girgiza kai. "Ɗayar."

Ammar ya sunkuyo da Hausarsa ta koyo. "Baba, mene ne sunanta? Mu Anti muke ce mata."

Ya buɗe baki. Ya laluba, ya laluba, bai samu komai ba sai abin da ya saba kiranta da shi: "Ke." Haka ya yi ta faɗa, ke, ke, har rai ya yi halinsa.

Ya 'yan uwa, ko Turawan mulkin mallaka a Hong Kong sai da suka tilasta a rubuta sunayen 'yan matan Sin da ake bautarwa a gidaje, iyayen gidan suna ta cewa riƙo ne. Mu da mala'iku ke rubuta mana fa? Wa take wanke maka kwano yau? Ka san sunanta? Ka san na uwarta? Ni wallahi abin tsoro yake ba ni.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar marayu, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.