Kurege da Furar Kakanni

Ga ta nan, ga ta nanku, yaran gidan nan!

Ta zo mu ji ta, Inna!

Namun dajin Kwazari rijiya ɗaya gare su, kakanninsu ne suka haƙa ta. Duk bazara sai ta ƙafe. Sai a dama fura, a zuba ludayin farko a ciki, a kira kakanni. Su amsa daga ƙasa, "Mun sha!" Ruwa ya taso.

Wata shekara aka ɗora wa Kurege ƙwaryar furar. Kurege fa, uban kwaɗayi! Tun a hanya ya shanye ludayin farko, ya goge baki.

Ya isa, dabbobi sun kewaye rijiya, 'ya'yansa har sun galabaita da ƙishirwa. Ya zuba fura, ya ce, "Kakanni, ga taku!"

Rijiya ta ce, "Saura ce!"

Giwa ta harare shi. Kurege ya ce, "Tsofaffi ne, ba su ɗanɗana da kyau ba." Ya ƙara zubawa, har da kirari.

"Saura ce!"

Ya juye ƙwaryar duka. Can sai wata murya ta taso, "Kai, ɗan nema! Ni ce kakarka. Da farcena na haƙa ramin nan har ya zubar da jini. Yau ni za ka ba ragowar bakinka?"

Wayyo! Kunya ta kama Kurege, ya fashe da kuka. "Kaka, na tuba! Ni na sha."

"To, damo wata. Da geronka."

Gero kuwa ba shi da ko tsaba sai irin da ya ɓoye na shuka. Ya dubi 'ya'yansa, ya zura da gudu. Ya tono, ya daka, ya dama. Yawu na zuba, amma ko yatsa bai lasa ba. Ya zuba ludayin farko.

"Mun sha! Mun sha!"

Kai, ku zo ku ga ruwa! Ya taso bul-bul har ya jiƙe Giwa. Aka yi ta guɗa, 'ya'yan Kurege suka sha har cikinsu ya yi tim.

Shi ya sa har gobe, in kurege ya samu abinci, sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga shi da hannu biyu. Kakarsa yake fara miƙa wa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu, na jefa muku!