Kezia Mai Markaɗe da Ɗiyan Nuraddeen

Akwai wata mata a garin Jega mai suna Kezia. 'Yar ƙasar Zuru ce, Kirista, aure ya kawo ta Jega tun tana da ƙuruciya. Mijinta makanikin babura ne, ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Sau uku tana haihuwa, sau uku tana binnewa. Babu ɗaya da ya kai yaye.

Abin da ya rage mata a duniya shi ne injin markaɗe a wata 'yar rumfa bayan kasuwa. Tun da safe mata ke aiko mata da wake da tattasai da jiƙaƙƙen gero. Ran Lahadi kaɗai take rufe rumfar ta tafi coci. Babba da yaro a unguwar, Mama Kezia suke ce mata.

Tana da maƙwabci mai suna Nuraddeen, direban babbar mota da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Wata shekara motar ta ƙwace masa a hanya. A can aka yi masa sutura, iyalinsa ko gawarsa ba su gani ba. Ya bar matarsa Hamsatu da yara mata biyu, Mubina mai shekara tara da Amatullahi mai shida.

Ranar sadakar uku, yayan mamacin ya zo. Alhaji Ɗalha ke nan, babban dillalin albasa a Aliero. Ya sa aka sauke buhun gero, ya ce a gaban jama'a, "Ɗiyan ƙanena ɗiyana ne." Daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Da Hamsatu ta fita takaba sai ta kama sana'ar awara. Wata Talata da hantsi, lokacin da duk yaran unguwa ke cikin aji, Mubina ta kawo bokitin waken suya wurin markaɗe.

Kezia ta kashe inji ta dube ta. "Mubina, yau ba makaranta?"

"Mun bari, Mama."

"Wa ya ce ku bari?"

"Ba wanda ya ce. Kayan makarantarmu sun yage, littattafai sun cika. Inna ta ce sai an samu hali."

Ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai ba. Kezia ta markaɗa mata waken, ta ɗora mata a ka, ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Ranar ko abinci bai shiga bakinta da daɗi ba.

Bayan la'asar ta yi sallama gidan Hamsatu. Suka gaisa, aka shimfiɗa mata tabarma.

"Hamsatu, zuwa na yi in roƙe ki wani abu. Ki bar ni in ɗauki nauyin karatun yaran nan. Kayan makaranta, littattafai, har da na Islamiyya."

Hamsatu ta ce, "Mama, ki gahwarce ni. Mi kika so a bakin wanga? Ke addininki daban, mu namu daban. Kin san mutane."

"Ba na son komai. Ba zan taɓa kama hannunsu in kai su coci ba, wannan alkawari ne. Amma ni Yesu nake bi, kuma ya koya mana cewa wanda ya ga ƙaramin yaro cikin wahala ya kau da kai, Shi ya kau wa kai. Nawa ɗiyan Allah ya karɓa. Idan na tsaya a gabansa ya tambaye ni naki, me zan ce?"

Hamsatu ta share hawaye da gefen zane. "To, Mama. Allah shi saka."

Litinin ta gaba yaran suka koma aji.

Shekara uku aka yi haka. Kezia ta daina ɗinka sabon zane lokacin Kirsimeti, nama ma sai jifa-jifa. Amma idan aka ba da hutu, Mubina da ƙanwarta kan rugo rumfa da takardar sakamako, ta goge hannu ta karɓa, ta sa su karanta mata don ta ji daga bakinsu. Takan tsaya ta tambayi malamin Islamiyya ko suna ba da hadda. Mubina ta fi kowa rubutu mai kyau a ajinsu.

Sai wata rana a kasuwar albasa ta Aliero, gardama ta haɗa Alhaji Ɗalha da wani abokin sana'arsa. Mutumin ya ce masa, "Kai da ka kasa riƙon ɗiyan ƙanenka, sai Kirista ka riƙe ma su?" Aka yi dariya.

Maganar ta yi masa zafi. Ba halin yaran ne ya dame shi ba, dariyar ce.

Washegari ya dira Jega, ya wuce kai tsaye rumfar markaɗe, mata sun yi layi da bokitai.

"Ke ce Kezia?"

"Ni ce, Alhaji. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunki. Mun san irin dabarunku. Yau littahi, gobe riga, jibi an juya wa yaro kai. Wa ya ce miki ɗiyan Nuraddeen ba su da dangi? In na ƙara jin ko fensir kin ba su, sai mun haɗu gaban hukuma."

Kezia ta ce, "Alhaji, in za ka riƙe su, na fi kowa murna. Ka dai bar su a makaranta."

"Ba ke za ki koya mini riƙon ɗiya ba."

Ya shiga gida ya ce wa Hamsatu ta haɗa wa Mubina kayanta, shi zai riƙe ta a Aliero. Hamsatu ta yi kuka, ta yi magiya, amma ba ta da bakin musa wa yayan mijinta. Amatullahi kuwa aka bar ta a gida, ga umarnin kada a karɓi komai daga hannun Kezia, ga shi bai bar abin da za a sai mata littafi ba.

Magana ta zagaya unguwa. Mata suka fara kai markaɗensu wani inji. Wasu da suka yi shekara goma suna gaisawa da ita suka koma wucewa ta gabanta kai a sunkuye.

Ko a coci ba ta tsira ba. Bayan sujada wata daga cikin zumuntar mata ta ja ta gefe. "Kezia, kin ga irinta ko? Ga namu marayun, kin tsallake kin je kin jawo wa kanki zagi."

Kezia ta ce, "Ubangiji bai ce marayunku ba. Marayu ya ce. Kuma waɗannan su ya ajiye min a bakin ƙofa."

Ta faɗi haka da ƙarfin hali, amma da ta koma rumfa ta zauna ita kaɗai gaban inji shiru, kuka ta yi. Ta ce, "Ya Allah, ka karɓi nawa ban ce komai ba. Waɗannan ma da ba nawa ba ne, ba za a bar min in gan su sun girma ba?" Ta ci gaba da ambaton sunayensu cikin addu'a, tunda wannan babu mai hana ta.

A Aliero ba a sa Mubina makaranta ba. Alhaji kullum sai ya ce bayan kaka. Aka haɗa ta da mata masu tsince albasa, tana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau tun safe har yamma.

Da bazara ta yi tsanani, Mubina ta tashi da ciwon kai, wuyanta ya ƙage. Alhaji ya ce zazzaɓi ne da son jiki, a sayo mata ƙwaya a kemis. Kwana biyu tana kwance. A na uku ta daina gane mutane. Sai a lokacin aka sa ta a mota zuwa asibiti a Jega, likita ya ce sanƙarau ne.

Hamsatu ta rugo rumfa ko mayafi ba ta ɗauka da kyau ba. "Mama, Mubina! Sun kawo ta ba ta ko motsi!"

Kezia ba ta tsaya tuna gargaɗin kowa ba. Ta bar inji da gero a ciki, ta bi ta.

Kwana goma sha ɗaya suna jinya. Kezia ce ke dama kunu, ita ke wanke zannuwa. A rana ta goma sha biyu Mubina ta buɗe ido. Hamsatu ta yi hamdala, ta kira sunanta. Yarinyar ta dube ta kawai. Ta sake kira. Shiru. Can wani faranti ya suɓuce daga hannun wata mai jinya ya faɗi ƙasa, duk ɗakin aka zabura, ban da Mubina.

Likita ya gwada, ya girgiza kai. Ya ce ciwon ya tafi da jinta gaba ɗaya, kuma ba zai dawo ba. Ya ce da an kawo ta da wuri, wataƙila da ba a kai nan ba.

Hamsatu ta rasa yadda za ta yi wa 'yarta magana. Kezia ta fita ta sayo littafin rubutu da biro, ta rubuta: "Sannu Mubina. Ina ke miki ciwo?"

Mubina ta karɓi biron, ta rubuta: "Mama, me ya sa kowa yake motsa baki amma ba ya magana?"

Kezia ta karanta, ta juya fuska bango.

Alhaji Ɗalha yana zuwa kullum, amma a baranda yake tsayawa. Ranar da za a sallame su ya shigo, ya durƙusa gefen gado. "Mubina, ki yahe mini. Mubina." Ta bi leɓensa da ido, ba ta gane komai ba. Shi kuma bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai yi nisa ba. Mutumin da kasuwa ke jin muryarsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya rasa hanyar isar da kalma uku ga yarinyar da ke gabansa.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya juya wurin Kezia, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Mama, don Allah rubuta mata. Ki ce Baffa ya ce ta yahe mai."

Duk abin da ya faɗa mata a gaban matan unguwa ya dawo mata a rai. Tana da abin cewa da yawa. Ta haɗiye, ta ɗauki biro ta rubuta masa saƙonsa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Mubina ta karanta. Ta dubi baffanta na tsawon lokaci, sannan ta yi rubutu ta miƙa. Kezia ta karanta masa: "Na yafe. Amma a bar Amatullahi ta koma makaranta."

Alhaji ya rufe fuska da babbar rigarsa.

Bayan kwana biyu ya je rumfar markaɗe, ya tsaya inda ya tsaya da farko, ya ce da ƙarfi, "Ku shaida, ƙarya na yi wa matar ga. Ta riƙe amanar da ni na yar." Wasu mata suka dawo da markaɗensu. Wasu ba su dawo ba, don magana zarar bunu ce.

Amatullahi ta koma aji. Aka samar wa Mubina gurbi a makarantar kurame a Birnin Kebbi. Alhaji ya ce shi zai ɗauki komai, Kezia ta ce a bar mata littattafai. Mubina ta koyi maganar hannu, amma ta daina magana da baki, don tana jin kunyar muryar da ba ta iya ji.

Shekaru na shaƙar hayaƙin inji da garin hatsi suka taru wa Kezia a ƙirji. Tari ya kama ta har ta kasa aiki. Wani ɗan'uwan mijinta ya ɗauke ta zuwa Maiyama. Hamsatu kan hau mota duk Juma'a ta kai mata fura, Alhaji Ɗalha ya ɗauki nauyin magani. Amma ciwo ya riga ya yi nisa. Kezia ta rasu saura wata huɗu Mubina ta gama sakandare.

Ranar jana'iza, Hamsatu da Amatullahi da Alhaji da wasu matan unguwar suka zo daga Jega, suka tsaya cikin rana har aka gama. Motar da ta ɗauko Mubina daga makaranta ta makara. Ta iso an riga an rufe kabari.

Ta ratsa mutane ta tsaya a kan jar ƙasar. Shekara shida babu wanda ya ji muryarta. Sai ta buɗe baki da iya ƙarfinta, muryar ta fito a karkace, ta ce, "Mama!"

Kirista da Musulmi, babu wanda bai ji kiran ba, babu kuma wanda bai zubar da hawaye ba. Mutum biyu ne kawai ba su ji ba: wadda ta yi kiran, da wadda aka kira.

Darasi: Imanin gaskiya ba ya tambayar maraya addininsa kafin ya miƙa masa hannu. Kezia ta yi don Allahn da take bauta wa, ta jure zagi, ba ta karya alkawari ba. Girman kai kuwa yakan yi ɓarnar da nadama ba ta iya gyarawa. Idan ba za ka riƙe maraya ba, kada ka tare wanda zai riƙe shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila a unguwarku akwai yaron da littafi ɗaya ne ya raba shi da aji.