Zanen da Nomau Ya Yi wa Ɗansa

An yi wani bawan Allah, wanzami, ana ce masa Nomau. Ya ƙi a ɗauki hoton fuskarsa, ɗansa ya rasa aiki saboda haka. Labarin ke nan a dunƙule. Yanzu ku gyara zama in warware muku shi. Kai mai danna waya a can baya, sa ta aljihu.

Garin ba zan faɗa ba. Ba kuma a zamanin da can aka yi ba, don man da zan yi magana a kansa kakanninmu ba su san shi ba.

Nomau ya haura saba'in. Rana ta sha fuskarsa, duk ta yi tamoji, goshi layi-layi. Ɗansa na fari, Lawwali, ya kusa arba'in, direba ne a wurin wani ɗan kasuwa, Alhaji Maiwada, mai sayar da man shafawa. Da tuƙin nan yake ciyar da 'ya'ya biyar. Uba da ɗa kuwa kamar an tsaga kara. Hanci ɗaya, ido ɗaya, ga zanen gidansu: uku-uku a kowane kunci, da bille a hagu. Nomau ne ya yi wa yaron zanen da hannunsa, ranar suna.

Sai Alhaji ya kawo sabon mai a ƙananan kwalabe, wai yana kwantar da tamoji. A ciki akwai wani sinadari da ake kira feftayid. Ba ganye ba ne, ba saiwa ba ce, a masana'anta ake haɗa shi. Ni ban yi boko ba, amma na tambayi masu sani. Suka ce yakan ɗan tausasa ƙananan layukan fuska, sannu a hankali, a wasu ya nuna, a wasu bai nuna ba. To ban ce haramun ne ba. Kada wani ya fita ya ce tsoho ya hana shafa mai. Amma ba ya goge shekara talatin. Ku riƙe wannan.

Mai ya yi wata biyu, kasuwa ba ta motsa ba. Rannan Lawwali ya biya ta rumfar ubansa da Alhaji a mota. Alhaji ya dubi uba, ya dubi ɗa, ya sake duban uba. Ya fito daga motar da kansa.

Ya ce, "Sarkin aska, sannu da aiki. Yau ba aski ya kawo ni ba."

Nomau ya ce, "To ƙaho ne? Ga wuyanka nan, jini ya yi maka yawa."

Alhaji ya yi dariya, ya zauna a benci. Ya ce, "Baba, hoto nake so. Kai da ɗanka, hula ɗaya, riga ɗaya. A ƙarƙashin naka a rubuta 'kafin shafawa', a ƙarƙashin nasa a rubuta 'bayan wata uku'. A kafa allo a bakin tasha. Gemu kuwa mai hoto zai gyara."

Nomau ya ci gaba da wasa askarsa a jikin fata. Ya ce, "Wato a ce ni ne shi."

"Ba wanda zai ce komai, Baba. Ido ne zai gani. Duk wanda ya ga zanen nan iri ɗaya, ba zai yi musu ba."

Nomau ya ce, "Kai kana shafa man?"

"Kullum."

"To ka sa hotonka mana."

Masu jiran aski suka fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce, "Zan dawo ranar Juma'a da mai hoto. Direbobi suna da yawa a gari, Baba. Ka tuna da jikokinka."

Ku saurara. Nan ne wuyar take. Da kuɗi kawai aka miƙa masa, da ya kau da kai an wuce wurin. Amma tuwon jikokinsa aka ɗora masa a kan sikeli.

Bayan la'asar Lawwali ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ba magana za ka yi ba. Ba rantsuwa za ka yi ba. Zama ne kawai a kujera, a ɗauka, ka tashi. Man kuma ba guba ba ne."

Nomau bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, don kunya. Ya ce, "Kai, matso nan." Ya ɗora babban yatsa a kan billen. "Da hannuna na yi maka wannan. Na yi wa 'ya'yan mutane fiye da ɗari, amma naka daban ne. Na yi ne don ko ina ka shiga a san kai ɗan Nomau ne. Ban yi don a ce kai ne Nomau ba."

"Baba, yara biyar."

"Na san su. Ni na yi musu askin suna. Ita kuma matar da za ta sayar da akuyarta ta sayi kwalba don ta ga fuskata a allo, ita ba ta da yara? Za ta shafa wata uku, ta duba madubi, ta ce ita ce Allah bai so ba. Wa ya cuce ta? Alhaji, ko zanen gidanmu?"

Lawwali ya tashi bai yi sallama ba.

Na ga wasunku suna jira in ce daga baya arziki ya sauko wa Nomau. Ba zan ce ba, don ba a yi ba. Aikin ya tafi. Lawwali ya yi wata bakwai yana dako a kasuwa, ya yi wata huɗu bai taka rumfar ubansa ba. Gero kwano biyu da tsohon yake aika wa jikokin duk mako, daga kuɗin aski yake fitowa. Haka gaskiya take. Tana da tsada, kuma ba kullum ake biyan mai ita a nan duniya ba.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Ƙarya ba sai da baki ake yin ta ba. Ana yi da shiru, ana yi da hoto, ana yi da zama a kujera. Kai mai shago da kake jera tumatir mai kyau a sama, ruɓaɓɓe a ƙasa, ka ce ai ba ka ce komai ba, da kai nake. Ke mai tallar magani a waya, kina yabon abin da ba ki taɓa sha ba, da ke nake. Duk wanda ya ari fuskarka ya yaudari wani, ku biyu kuka yi. Tamoji kuwa ba cuta ba ce. Ga nawa nan, ku duba da kyau. Kowane layi na san abin da ya sa shi, ban kuma ji kunyar ko ɗaya ba.

Bari in koma baya in ƙarasa muku. Juma'ar da Alhaji ya ce ta zo. Alhaji ya sauko daga mota, mai hoto a bayansa da hula biyu iri ɗaya, Lawwali a gefe kansa a sunkuye. Alhaji ya karɓi makullin mota daga hannun Lawwali, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

Ya ce, "Baba, ga kujera, ga makulli. Ka zauna in mayar masa. Me ka ce?"

Nomau ya ninke askarsa, ya sa a zabira. Ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dubi Alhaji.

Ya ce, "Ba zan zauna ba."