Zanen da Kura Ta Bi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kurege dillalin hatsi ne. Kullum da safe yakan duba wani siririn zane a kan yashin bakin kasuwa, ya ce, "In ya hau tudu, gero zai yi tsada." Sau uku yana faɗa, sau uku ana ganin haka.

Ran nan Kura ta ce, "Malam Kurege, yau ina zanen ya nufa?"

Ya ce, "Tudu, Yaya Kura, har ƙololuwa."

Sai ta sayar da awakinta kaf, ta cika rumbu da gero. Ta miƙe a inuwar tsamiya tana kallon gajimare yana rikiɗa garken raƙuma, duk nata.

Ana nan sai sabon gero ya shigo kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Kura ta bi zanen nan sannu a hankali, har ta iske Buzuzu yana mirgina dunƙulen kashi, sawunsa na bin bayansa.

Ta ce, "Ashe kai ne mai zanen. Me ka hango a tudu ran nan?"

Buzuzu ya ce, "Ranki ya daɗe, can jaki ya yi kashi."

Ƙurunƙus, na ajiye ta a kan ɗan ɓera.