Masarar Bakin Hanya

Zunubi kaya ne mai nauyi, babu ɗan Adam da zai iya ɗaukarsa. Wanda za mu duba yau dai a bayan babur aka kawo shi, kuma babur ɗin bai ko yi nishi ba.

Akwai wani mutum manomi, wanda mutanen ƙauyensu suka zaɓa ya shugabanci ƙungiyarsu ta manoma. Ba wai ya fi kowa gaskiya ba ne, shi ne dai mai babur, kuma ya iya tsayawa gaban ma'aikatan hukuma ba tare da ya cire hula tun daga bakin ƙofa ba. Suka riƙa kiransa Ciyaman, har matarsa Rahila ma takan kira shi haka in tana son ta ba shi haushi. Sunan nan kuwa ya fi masa gonarsa daraja.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, hukuma ta aiko wa ƙungiyar ingantaccen irin masara, a raba wa kowa kyauta. Irin nan yakan zo da jan magani a jikinsa saboda ƙwari. Mutumin ya buɗe buhu a ɗakin ajiyarsa, ya ɗebo a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a ransa, “Mutanen nan ba su san irin ba, jan kawai suka sani.”

Ya tafi kasuwa ya sayo tsohuwar masara wadda ƙwari suka riga suka ci rabonsu, ya sayo garin kala wurin masu rini, ya cuɗa, ya shanya a bayan gida, ya ɗura a buhunan hukuma. Irin na ainihi kuwa ya kai wa wani ɗan kasuwa a wani gari. Ranar rabo ya buɗe taro da addu'a mai tsawo, kowa ya karɓi nasa da hannu biyu yana godiya.

Da ɗan kasuwa ne zalla, da ya sayar da irin duka ya huta. Amma manomi ne, kuma manomi ba ya iya ganin iri mai kyau ya bar shi ya wuce gaba ɗaya. Ya rage buhu guda, ya shuka a gonarsa. Gonar kuwa tana bakin hanyar da kowa ke bi zuwa rijiya, da kasuwa, da sujada.

Ruwa ya sauka, bai zaɓi gonar kowa ba. Masarar mutane ta fito giɓi-giɓi, wadda ta fito ma ta tsaya iya ƙugu ta yi rawaya. Ta Ciyaman kuwa ta tashi baƙa ƙirin don kyau, ta wuce tsawon mutum, ta yi goyo biyu-biyu. A duk ƙasar nan shi kaɗai ne manomin da yake fita da safe ya ga gonarsa ta ƙara kyau, gabansa ya faɗi.

Wata rana yana ciki yana cire ciyawa, sai wata gwauruwa, Gwaggo Tani, ta tsaya a bakin gonar da tulu a ka.

Ta ce, “Sannu da aiki, Ciyaman. Ni kam ba iri ɗaya aka raba mana ba?”

Ya ce, “Ɗaya ne mana, Gwaggo.”

“To, taka ta fi jin magana.”

Ya share gumi ya ce, “Addu'a ce kawai, Gwaggo.”

Ta ce, “Ashe mu zagin tamu muke yi.” Ta gyara tulunta ta wuce.

Kaka ta yi. Al'adar ƙauyen ita ce, mai babbar gona yakan kira gayya: maƙwabta su zo su karya masa masara, shi kuwa ya ciyar da su har su ƙoshi, mai ganga yana kiɗa, samari suna tsere. Kowace shekara mutumin yakan kira. Bana ya so ya ɗauko 'yan ƙodago daga nesa, amma Rahila ta ce, “Haba Maigida, shekarar da Ubangiji ya fi yi maka albarka ita ce za ka hana mutane tuwonka? Me za a ce?” Dalilinsa kuwa shi ne abin da yake ɓoyewa. Ya aika a faɗa wa mutane, yana fata kowa zai ce yana da uzuri.

Ba wanda ya kawo uzuri. Nasu girbin bai ɗauke su wani lokaci ba. Maza da mata suka zo, har da waɗanda ba su taɓa zuwa gayyarsa ba. Mai ganga ma ya zo, sai dai ya bar gangar a gida. Suka shiga gonar suka kama aiki, ba waƙa, ba tsokana, ba abin da ake ji sai ƙarar karan masara. Kowa ya karyo kai ɗaya sai ya ɗan auna nauyinsa a hannu kafin ya jefa kan tari. Mutumin ya so wani ya zage shi, ko ya ci kwalarsa, don ya samu abin musu. Duk wanda suka haɗa ido sai ya ce, “Sannu, Ciyaman.”

Da suka gama, Rahila da 'yan'uwanta suka jera kwanukan tuwo a gindin ɗorawa, ga naman akuya, ga kunu. Bisa al'ada, dattijon da ya fi kowa shekaru ne ke fara wanke hannu ya sa albarka, sa'an nan kowa ya zauna. Aka miƙa wa Baba Dogara ruwa. Tsohon ya dubi kwanukan, ya dubi tarin masarar, ya ce, “Ɗana, mun zo wa masara ne, ita ba ta yi mana laifi ba, bai kamata ta lalace a gona ba. Abinci kuwa, mun ƙoshi.”

Mutanen da suka ce sun ƙoshi ɗin nan, da yawansu sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidajensu. Suka kakkaɓe rigunansu, suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya.

Rahila ta tsaya da ludayi a hannu. Ta ce, “Maigida, me ka yi wa mutanen nan?”

Ya ce, “Ai ba wanda ya ce na yi wani abu.”

Ta ce, “Shi ya sa nake tambaya.”

Ya zauna a kan tarin masarar da ta fi ta kowa kyau, ya kasa ɗaga kai.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan shi ne duk abin jama'a da aka damƙa a hannunka, ko kujerar ofis ce, ko kwangila, ko mabuɗin sito, ko asusun zumuntar mata. A cikinmu akwai masu riƙe da irin waɗannan, kuma ba sai mun waiga baya muna neman su ba. Garin kalar shi ne bayanin da muke shafa wa abin don ya yi kama da gaskiya, wani lokaci har da addu'ar buɗe taro. Mukan ɗauka cewa abin da muka karkatar zai zauna shiru inda muka ajiye shi. Ba ya zama. Yakan tsiro, ya zama bene, ya zama mota, ya tsaya a bakin hanya, kusa da gidan wanda aka hana. Ubangiji ya gani tun a ɗakin ajiya. Maƙwabta kuwa ɗan jinkiri kawai suke yi.

Kada kuma gaisuwar mutane ta ruɗe ka. Ana iya ce maka “Ranka ya daɗe” shekara da shekaru alhali an daina cin tuwonka. In ka lura an fara yi maka ladabi fiye da kima, ka koma gida ka binciki kanka, ka tuba, ka mayar da abin mutane tun kana da fuskar kai shi da kanka.

Mutumin nan dai ba a kai shi kotu ba, ba a ma cire shi ba. A ƙarshen shekara hukuma ta zagayo duba gonaki, ta ba shi lambar yabo ta manomin da ya fi kowa amfani da ingantaccen iri.